Sarkin da Ya Ci Yaƙi, Ya Sassaƙa Nadamarsa a Jikin Dutse

Mai karatu, ka ɗauka kai sarki ne, sarkin da daularsa ta taso daga duwatsun Afganistan ta dangana da bakin tekun Bengal. Ka fita yaƙi, ka murƙushe ƙasar da ba ta cikin hannun mahaifinka lokacin da ya bar maka sarauta. Tambura na tashi, maroƙa na zuba kirari, fadawa sai faɗuwa suke suna gaisuwa. Sai ga magatakarda ya durƙusa a gabanka, yana jiran ka faɗi abin da za a rubuta wa na baya. Me za ka ce a rubuta?

An san abin da sarakunan duniya suka saba faɗi a irin wannan rana. Fir'aunan Masar sun sa an zana su a bangon gidajen bautarsu, sun damƙo gashin abokan gaba, kulki a sama. Sarakunan Assuriya sun jera garuruwan da suka ƙona da kawunan da suka sare, suna tinƙaho. Wannan sarki shi ma ya yi nasa lissafin: mutum 100,000 aka kashe, 150,000 aka kwashe daga ƙasarsu, waɗanda suka mutu a bayan yaƙin kuma sun ninka haka. Sai dai da ya gama lissafin, ya sa an sassaƙa a jikin duwatsu cewa abin ya ci masa rai, ya yi nadama. Sunansa Ashoka. Nadamar nan tasa tana cikin manyan dalilan da suka fitar da addinin Buddha daga lungun da aka haife shi, har ya zama addinin ɗaruruwan miliyoyin mutane. To ta yaya?

Gidan da aka haife shi takobi ne ya gina shi. Kakansa, Chandragupta Maurya, ya kifar da sarautar Nanda wajen shekara ta 322 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), jim kaɗan bayan rundunar Iskandar sarkin Masidoniya ta taɓa bakin Indiya ta juya. Ya zauna a Pataliputra, birnin da yau ake kira Patna, a gaɓar kogin Ganga. Da Seleucus, ɗaya daga cikin jaruman Iskandar, ya zo neman yankunan da ubangidansa ya bari, sulhu aka yi: ya sakar wa Chandragupta ƙasashe masu faɗi, shi kuma aka ba shi giwayen yaƙi 500. Daga Chandragupta sai ɗansa Bindusara, daga Bindusara sai rigima ta kaure tsakanin 'ya'yansa.

Ashoka, wanda ya riƙe lardin Ujjain tun mahaifinsa na da rai, shi ya yi galaba, aka naɗa shi wajen shekara ta 268 kafin Miladiyya. Tsofaffin littattafan Sri Lanka sun ce sai da ya kashe 'yan'uwansa 99. Wani littafin na arewacin Indiya ya ce ya gina kurkukun azaba, an ƙawata ƙofarsa, duk wanda ya shiga ba ya fita. Ni dai ina taka-tsantsan da waɗannan labarai, domin masu ba da labarin tuba sun saba baƙanta farkon mutum don hasken ƙarshensa ya fito sosai. A rubutunsa na dutse, shi da kansa ya ambaci gidajen 'yan'uwansa maza da mata, alamar ba duka aka kashe ba. Amma ko an rage gishirin da aka zuba, abin da ya saura ya isa: wannan mutum bai hau gadon nan da lallami ba.

A lokacin, addinin Buddha bai wuce ƙungiya ɗaya cikin ƙungiyoyi da yawa ba. Wanda ya kafa shi, Siddhartha Gautama, ɗan gidan sarautar ƙabilar Shakya ne, an haife shi a Lumbini da ke ƙasar Nepal ta yau. Mabiyansa sun ce ya bar fada da mata da ɗa yana da shekara 29, ya yi shekara shida yana azabtar da jikinsa da yunwa, sannan ya zauna ƙarƙashin wata itaciya a Bodh Gaya, ya tashi da koyarwar da ya shafe shekara 45 yana yaɗawa: wahalar ɗan Adam tushenta kwaɗayi ne, maganinta kuwa kame zuciya, faɗin gaskiya da barin cutar da mai rai. Almajiransa masu zuhudu ne, kai a aske, tufa rawaya, ƙwaryar bara a hannu, suna yawo a garuruwan kwarin Ganga. Gefe guda ga malaman Brahman da yanke-yankensu, ga mabiya Jain, ga Ajivika. Ka taɓa jin sunan Ajivika, mai karatu? Da wuya, domin sun ƙare tun ɗaruruwan shekaru. A wancan zamani kuwa ba wanda zai iya rantse maka cewa su ne za su ɓace, masu rawayar tufa su wanzu.

Shekara takwas da naɗinsa, wajen 261, Ashoka ya fuskanci Kalinga. Ƙasa ce a gaɓar gabashin Indiya, inda jihar Odisha take yau, mai tashoshin jiragen ruwa, mai giwaye, kuma ta tare hanyar bakin teku zuwa kudu. Ya auka mata, ya ci ta. Mutanen yankin har yanzu suna ba da labarin cewa kogin Daya ya koma ja saboda jini. Labarin baka ya ce sarkin ya zaga filin dagar bayan ƙura ta lafa, ya ga abin da ya gani. Ko ya zaga ko bai zaga ba, abin da ya faɗa daga baya yana nan a jikin dutse, kowa na iya zuwa ya duba.

Abin da ya fi taɓa ni a wannan rubutu shi ne inda hankalinsa ya tsaya. Ya ambaci matattu, amma ya fi daɗewa a kan waɗanda suka rayu. Ya ce a ƙasar da aka ci da yaƙi akwai malamai, akwai masu zuhudu, akwai magidanta masu biyayya ga iyaye, masu kyautata wa abokai da bayi da barori, kuma su ne ake ji wa ciwo, ake kashewa, ake raba su da masoyansu. Ya ce ko wanda ya tsira da ransa da dukiyarsa bai tsira ba, domin masifar da ta sami abokinsa da ɗan'uwansa ta same shi. Sannan ya ce ko kashi ɗaya cikin ɗari, ko ɗaya cikin dubu, na mutanen da suka halaka a Kalinga, a yanzu zai yi masa nauyi a zuciya. Ya gargaɗi 'ya'yansa da jikokinsa kada su ɗauka sabon yaƙi abin nema ne. Wanda ya ci yaƙin ne fa ke wannan magana.

Tsaya ka auna wannan, mai karatu. Wa ya tilasta shi? Babu kotun da za ta kira shi, babu jarida, babu wani sarki da ya fi shi ƙarfi a duk faɗin Indiya. Da ya ce mutanen Kalinga ne suka fara tsokana, wa zai ƙaryata shi? Da ya yi shiru, wa zai ƙirga gawarwakin? Shi ya ƙirga, shi ya sa aka sassaƙa a Girnar can yamma, da Kalsi a gindin duwatsun Himalaya, da Shahbazgarhi da Mansehra a Pakistan ta yau, har da fassarar Girkanci a Kandahar. Mutum nawa ka sani da ke iya ce wa matarsa ko yaron shagonsa ya yi kuskure? Da kai ne a kan gadon, za ka sa a rubuta laifinka a inda ruwan sama ba ya wankewa?

Kada ka ɗauka dare ɗaya ya sauya. Shi da kansa ya faɗi cewa ya yi fiye da shekara biyu da rabi yana mabiyin Buddha amma ba wani ƙoƙari yake ba, sai daga baya ya kusanci jama'ar masu zuhudu ya dage. Da ya dage ɗin kuwa, daga madafar fadarsa ya fara. Ya ce a da dabbobin da ake yankawa kullum don miyar sarki sun kai dubban ɗaruruwa. A ranar da ake sassaƙa rubutun, in ji shi, uku kaɗai ake yankawa: ɗawisu biyu da barewa ɗaya, barewar ma ba kullum ba, kuma su ma za a daina. Wannan 'yar magana ta ɗawisu biyu ita ta sa na yarda da mutumin. Mai son a yabe shi cewa zai yi ya daina gaba ɗaya. Shi kuwa ya gaya wa talakawansa abin da ya rage a tukunyarsa.

Ya bar fita farauta, wadda ita ce nishaɗin sarakuna, ya mayar da ita rangadin ziyartar malamai da tsofaffi da mutanen karkara. Ya sa an haƙa rijiyoyi a bakin hanyoyi, an dasa itatuwan inuwa da gonakin mangwaro, an gina masaukan matafiya. Ya tanadi magani ga mutane da dabbobi, inda babu itatuwan magani ya sa aka kawo aka dasa. Ya naɗa jami'ai na musamman masu duba halin fursunoni da tsofaffi da marasa galihu. Ya ba da umarni cewa masu kawo rahoton talakawa su same shi kowane lokaci, ko yana cin abinci, ko yana cikin gida wurin iyali, ko a ɗakin kwana, ko a lambu. Ya fitar da jerin halittun da aka hana kashewa, har da aku da jemage da kunkuru. Da labarin ya tsaya nan, da sai mu ce waliyyi ne ya hau gado. Bai tsaya nan ba.

Ashoka bai saki Kalinga ba. Ta ci gaba da zama lardinsa, da hakimansa a garuruwan Tosali da Samapa. A duk rubuce-rubucensa ba inda ya ce ya mayar da mutum 150,000 ɗin nan gidajensu. Hukuncin kisa bai soke shi ba, kwana uku kawai ya ƙara wa wanda aka yanke wa, don dangi su nemi afuwa ko ya shirya wa mutuwa. A cikin rubutun nadamar ma, ya juya ga ƙabilun daji ya ce musu su shiga taitayinsu, domin duk da nadamarsa yana da ƙarfi, kada su ja a kashe su. Wannan duk da sauƙi. Ga babban abin mamakin: a Kalinga kanta, a duwatsun Dhauli da Jaugada, an sassaƙa sauran dokokinsa, amma wannan rubutu na nadama ba ya ciki.

Ka ji fa. Mutumin Girnar da bai rasa kowa ba ya karanta cewa sarki ya yi nadama. Gwauruwar Kalinga da aka kashe wa miji aka kwashe wa 'ya'ya, ita ba a kai mata ba. Kunya ce ta hana shi? Tsoron kada a tuna wa waɗanda aka ci da yaƙi yawan jininsu su tayar da bore? Ko kuwa ya ga ƙirga wa mutum gawarwakin danginsa a ƙofar gidansa wani sabon cin fuska ne? Da kai ne mashawarcinsa, me za ka ce masa? A gurbin wancan rubutu, ya sa an sassaƙa wasu biyu na daban. A ciki ya ce dukkan mutane 'ya'yansa ne, abin da yake so wa 'ya'yan cikinsa shi yake so wa kowa. Ya ja kunnen alƙalan birni a kan ɗaure mutum ko azabtar da shi ba dalili, ya ce duk shekara biyar zai turo mai bincike wanda ba shi da zafin hali. A ganina nadamarsa gaskiya ce, riƙon sarautarsa ma gaskiya ne, kuma ya rayu da su biyun har ya mutu, ko wanne bai kori ɗan'uwansa ba.

Akwai wani abu kuma da ba kasafai sabon shiga addini ke iyawa ba, musamman in yana da sojoji. Ashoka bai tilasta wa kowa bin Buddha ba. A ɗaya daga cikin dokokinsa ya ce yana girmama dukkan ƙungiyoyin addini, kuma abin da ya fi so a wurinsu shi ne kame baki. Ya ce wanda ya yabi nasa ya kushe na wasu, yana zaton ɗaukaka nasa yake yi, to nasa ɗin yake yi wa illa. Ya ce mutane su riƙa sauraron koyarwar juna. Bai tsaya a baki ba: a duwatsun Barabar ya sa an fafe koguna, an goge bangonsu har suna sheƙi, ya ba wa Ajivika kyauta, mutanen da suke jayayya da addininsa. Duk wanda ya taɓa ganin abin da baƙar magana a kan addini ke yi wa gari cikin yini ɗaya ya san wannan doka ba ƙaramar hikima ba ce. A cikin gidansa kuwa bai yi sassauci ba: ya ce duk mai zuhudun da ya raba kan jama'ar Buddha a tuɓe masa rawayar tufa, a sa masa fara, a fitar da shi.

Sai batun aike. A rubutunsa ya ambaci sarakuna biyar na ƙasashen Girkawa da ya ce saƙonsa ya kai gare su: Antiochus na Sham, Ptolemy na Masar, Antigonus na Masidoniya, wani Iskandar, da Magas na Cyrene, wadda ke cikin Libiya ta yau. Wato har nahiyarmu ta Afirka sunanta ya shiga wannan labari. A can yamma dai irin bai tsiro ba. A kudu ya tsiro. Tarihin Sri Lanka ya ce bayan wani babban taron malaman addinin a Pataliputra ƙarƙashin Moggaliputta Tissa, an tura masu wa'azi zuwa Kashmir da Gandhara da yankin Himalaya da wasu wurare, tsibirin Lanka kuma aka tura Mahinda, ɗan Ashoka na cikinsa, wanda ya bar sarauta ya aske kai. Ya tarar da sarkin tsibirin, Devanampiya Tissa, yana farautar barewa a dutsen Mihintale. Sarkin ya ajiye baka ya saurara.

Da matan fada suka nemi shiga zuhudu, sai aka aika a zo da Sanghamitta, 'yar Ashoka. Ta hau jirgin ruwa da reshen itaciyar nan ta Bodh Gaya, aka dasa a Anuradhapura. Itaciyar da ake dangantawa da wannan reshe tana nan a tsaye, ana yi mata hidima fiye da shekara 2,200. A wannan tsibiri ne, a ƙarni na ɗaya kafin Miladiyya, aka rubuta koyarwar Buddha cikin harshen Pali bayan an daɗe ana riƙe ta da ka, kuma wannan reshe na addinin shi ne ya kafu a Burma da Thailand da Kambodiya da Laos. Ta arewa kuwa, daga Gandhara ya bi ayarin fatake ya shiga Sin a ƙarni na ɗaya na Miladiyya, ya kai Koriya a ƙarni na huɗu, Japan a na shida, Tibet a na bakwai. Sarkin da ya tura 'ya'yansa biyu ƙetaren teku, yaya ya ƙare a gida?

Labarin da mabiya Buddha suka adana mai ban tausayi ne. Sun ce da ya tsufa ya yi ta kwasar dukiyar baitulmali yana kai wa gidajen ibada, har jikansa da wazirai suka rufe masa taska. Ya koma bayar da kwanukan zinariyar da yake cin abinci a ciki, aka sauya masa da na azurfa, ya bayar, har aka dawo da shi kan na yumɓu. A ƙarshe abin da ya rage a hannunsa rabin wani ɗan itace ne mai tsami da ake kira amla. Ya tara fadawa ya tambaye su wane ne sarkin ƙasar nan. Suka ce shi ne. Ya ce in da gaske ne, yaya ikonsa bai wuce rabin ɗan itace ba? Ya aika da shi gidan ibada, aka daka aka zuba a miya don kowa ya samu. Ya rasu wajen shekara ta 232. Ba a yi shekara 50 cikakku ba, wajen 185, sarkin yaƙin daular, Pushyamitra Shunga, ya kashe sarkin Maurya na ƙarshe a filin faretin soja.

Daga nan sai mantuwa ta fara aikinta. Salon rubutu ya yi ta sauyawa har aka rasa mai iya karanta baƙaƙen da ke jikin duwatsun. Wajen shekara ta 400 Miladiyya, matafiyin nan na Sin, Faxian, ya ga kufan fadar Ashoka a Pataliputra, ya ce wannan aikin aljanu ne. Addinin Buddha ya yi ta ja da baya a ƙasar haihuwarsa, zuwa ƙarni na 13 ya kusan ɓacewa daga cikinta. Ginshiƙan dutsen da sarkin ya kakkafa suka rage a tsaye cikin gonaki da dazuzzuka, mutanen ƙauye na cewa sandunan wani ƙaton jarumi ne mai suna Bhim. Mutumin da ya rubuta don a ji shi muddin rana da wata na fitowa ya koma ba mai jin sa.

A shekara ta 1356, Sarkin Delhi Firoz Shah Tughlaq ya ga ɗaya daga cikin ginshiƙan a Topra, ya ce sai an kai masa birninsa. Dutse ne guda, tsawonsa wajen mita 13. Marubucin tarihinsa, Shams Siraj Afif, ya ce an kwantar da shi a kan audugar rimi, an naɗe shi da ciyawa da ɗanyun fatu, an ɗora shi a kan amalanke mai ƙafa 42, kowace ƙafa da igiyarta, kowace igiya mutum 200 ke ja, har bakin kogin Yamuna, daga nan aka sa shi a jiragen ruwa. Da aka kafa shi a Delhi, sarki ya tara malaman Hindu ya ce su karanta masa. Ba wanda ya iya. To mai karatu, ga ka a gaban sarki, an san ka da ilimi, an nuna maka rubutun da ko harafi ɗaya ba ka gane ba. Za ka ce ban sani ba? Wasu ba su iya faɗin haka ba. Suka ce ai abin da aka rubuta shi ne ba mai iya ɗaga wannan ginshiƙi sai wani sarki da zai zo a ƙarshen zamani mai suna Firoz. Alhali abin da ke jikin dutsen maganar rijiyoyi ce da itatuwan mangwaro da tausayin fursunoni.

Turawa ma da suka zo sun yi nasu shaci-faɗin. Wani matafiyi ɗan Ingila, Thomas Coryat, ya ga irin wannan ginshiƙi a Delhi a farkon ƙarni na 17, ya ce Iskandar ne ya kafa shi, rubutun kuma Girkanci ne. Wanda ya warware ƙullin ba malamin jami'a ba ne. James Prinsep ma'aikacin gidan buga kuɗi ne a Kalkata, aikinsa gwada ingancin zinariya da azurfa, kuma shi ne sakataren ƙungiyar masu binciken tarihin Asiya ta Bengal. Ya yi ta roƙon ma'aikata da hafsoshi a sassan Indiya su kwafo masa duk tsohon rubutun da suka gani. Wani masani ɗan Norway, Christian Lassen, ya riga ya gano wasu haruffa daga jikin tsofaffin kuɗaɗe. A 1837 aka kawo wa Prinsep wasu gajerun rubuce-rubuce daga shingen dutsen da ya kewaye hubbaren Sanchi. Ya lura kusan dukkansu da haruffa iri ɗaya suke ƙarewa. Me zai sa a yi ta maimaita kalma ɗaya a jikin wurin ibada? Ya ce wataƙila sunayen masu bayar da gudummawa ne, kamar yadda ake rubuta sunan wanda ya gina rijiya ko masallaci, kalmar ƙarshen kuma tana nufin kyauta. Ya gwada, ta zauna. Daga waɗannan 'yan haruffa sauran suka buɗe.

Sai ga wata sabuwar matsala. Mai maganar a jikin duwatsun da aka sani a lokacin ba ya kiran kansa Ashoka. Laƙabi yake amfani da shi, Devanampiya Piyadasi, kuma babu wannan suna a jerin sarakunan Indiya da aka sani. Prinsep ya fara zaton sarkin Lanka ne. Wani ma'aikacin gwamnati a tsibirin, George Turnour, wanda ya koyi harshen Pali a wurin malaman addinin, shi ya gano a tsohon littafin tarihi na Dipavamsa cewa Piyadasi laƙabin Ashoka ne, jikan Chandragupta. Ka ga ikon Allah: tsibirin da ya tura wa ɗansa da 'yarsa shi ya riƙe masa sunansa shekara dubu biyu, ya mayar wa Indiya ranar da ta buƙata. Prinsep bai daɗe yana cin moriyar aikinsa ba. Ciwo ya kama shi, aka mayar da shi Ingila a 1838, ya rasu a 1840 yana da shekara 40.

Sauran shaidu suka yi ta fitowa daga ƙasa. A 1896 aka tono ginshiƙin Lumbini, inda sarkin ya rubuta cewa a shekara ta 20 da naɗinsa ya zo da kansa domin a nan aka haifi Buddha, ya kuma rage wa ƙauyen haraji. Da wannan dutse aka tabbatar da wurin. A 1905 aka tono kan ginshiƙin Sarnath mai zakuna huɗu sun juya wa juna baya. A 1915 wani injiniya mai neman zinariya a Maski, kudancin Indiya, ya ci karo da rubutun da ya haɗa laƙabin da sunan Ashoka a wuri ɗaya, gardama ta ƙare. Da Indiya ta sami 'yancin kai a 1947, alamar ƙafar keke mai tsinke 24 ta zamanin Ashoka ita aka sa a tsakiyar tutar ƙasa, a 1950 kuma zakunan Sarnath suka zama hatimin gwamnati.

Addinin ma ya sake samun ƙofa a gida. B. R. Ambedkar, wanda ya jagoranci rubuta kundin tsarin mulkin Indiya, ɗan mutanen da ake ƙyamar taɓawa ne, yana yaro a makaranta ba a yarda ya taɓa tulun ruwa da hannunsa ba. Tun 1935 ya shelanta cewa ba zai mutu a cikin addinin da aka haife shi ba, ya yi shekara 21 yana nazarin inda zai nufa, shugabannin addinai daban-daban na zawarcinsa saboda miliyoyin da ke bayansa. Ranar 14 ga Oktoba, 1956, a birnin Nagpur, ya karɓi addinin Buddha, dubban ɗaruruwan mutanensa suka bi shi a filin nan take. Bai cika wata biyu ba ya rasu, ranar 6 ga Disamba. Mafi yawan mabiya Buddha da ke Indiya a yau daga wannan taro suka samo asali.